Akwatin Sabiru a Burtsatsen Babban Mutum

Malam Zakiyyu abokin aikina ne a wata sakandare a nan Daura, ni ina koyar da tarihi, shi kwamfuta. Mutum ne mai jan ƙafa in yana tafiya, kai ka ce bai taɓa barci ya ƙoshi ba. Da ba haka yake ba, sai da amininsa Sabiru ya rasu.

Su biyun ne suka haɗa wani ɗan akwati a burtsatsen sola na garin Babban Mutum, mai kashe injin famfo in ya ɗau zafi kafin ya ƙone. Zakiyyu ya yi aikin wayoyi, Sabiru ya rubuta manhajar da harshen C. Shi wannan harshe, yadda Zakiyyu ya sha gaya mini har na gaji, in an gama rubutu sai a niƙe shi ya koma abin da inji kaɗai ke ganewa. Asalin rubutun yana cikin kwamfutar Sabiru, magada kuwa sun sayar da ita. Niƙaƙƙen ne kawai ya rage.

Akwatin yana aikinsa, sai dai in ya kashe famfo ba ya gaya wa kowa, mata su yi ta layi da jarkoki a banza. Alhaji Ma'u, shugaban ƙungiyar masu kula da ruwan, ya kira Zakiyyu.

"Malam, ko dai abin nan ya riƙa turo saƙo a waya, ko mu cire shi bayan Sallah mu sa na kamfani. Allah Ya jiƙan mamaci, amma mu ruwa muka so."

Tura saƙo da harshen Python wasa ne a wurin Zakiyyu. Abin da ya rasa shi ne tafinta tsakanin Python da niƙaƙƙen aikin Sabiru. Tafintocin kuwa ga su nan birjik, masu sunaye kamar na maganin asibiti: SWIG, Cython, pybind11. Mutanen intanet, waɗanda wutarsu ba ta ɗaukewa, suka yi ta yabon na ƙarshen. Ya ɓata hutunsa a kai. Kowanne sai an sauko da kaya daga intanet, a can bakin iyaka kuwa waya sai ta tsallaka sabis ɗin Nijar ta bar ka riƙe da baki.

Daga baya ya haƙura ya koma wa ctypes, wanda ke zuwa tare da Python tun farko. Aibinsa, ba ya gargaɗi. Kai za ka cinci irin amsar da manhajar za ta bayar, in ka yi kuskure komai ya mutu shiru. Wallahi na tausaya masa. A ɗakin malamai sai ka gan shi ya zuba wa allo ido, shayinsa ya huce.

Akwai wani sashe na manhajar da Sabiru ya sa wa suna "dalili", kullum wata doguwar lamba marar kan gado yake fitarwa. Ana gab da Sallah Zakiyyu ya ce, wataƙila ba lamba ba ce, rubutu ne. Ya gyara layi ɗaya, ya goya ni a babur muka tafi gwadawa.

Da tsakar rana injin ya ɗau zafi, famfo ya tsaya. Wayar Alhaji Ma'u ta yi ƙara. Ya ɗaga ya karanta da ƙarfi:

"Zakiyyu, inji ya yi zafi. Ka aje shayin nan ka taho."

Zakiyyu bai taɓa sanin Sabiru ya bar maganar nan a ciki ba. Ya zauna a gefen tanki.

"To, ya yi," in ji Alhaji Ma'u. "Amma a gyara maganar, tunda mu za a riƙa turo wa."

"Ba ta gyaruwa, Alhaji."

Na san ƙarya yake, don shi da bakinsa ya ce mini Python na iya sauya kowace kalma. Har yau haka saƙon ke zuwa, kuma duk ranar da ya zo, Zakiyyu yakan aje shayin ya tafi.