Zanen da Na Yanka Na Yi Dinya Huɗu

Shekarun baya, ina da tsohon cikin ɗiyata ta fari, muna zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Al Warsan, can ƙasar waje. Maigida kullum yana wurin aiki, ni kuma zaman kaɗaici ya ishe ni, sai maƙwabciyata 'yar Filifin ta fara koya mini ɗinkin bargo na haɗe-haɗen ƙyalle. Akwai wani salo da suke kira dinya masu tashi, wato tsuntsayen nan masu kama da agwagwa. Babban ƙyalle ɗaya mai kusurwa huɗu za ki haɗa da ƙanana huɗu, ki ɗinke, ki tsaga, sai ga dinya huɗu kowace da tsinin bakinta. Sannan ki ɗora wata rula ta roba mai layi-layi ki datse gefe, ki bar kwatan inci a saman tsinin.

Wallahi abin ya shiga raina. Duk ƙyallen da na gani, lissafin inci nake masa. Har rigar maigida sai da na yi wa kallon biyu.

Ana haka mahaifiyata ta iso daga Kano don zaman jego. A jakarta ta ƙunso kuka da daddawa da yaji cikin wani tsohon zanen atamfa shuɗi, duk ya koɗe, gefensa ya sule. Ranar da maigida ya kai ta Al Sabkha ganin kasuwa, na ɗauko zanen na wanke na goge. Na ce ai tsumma ne. Tsakiyarsa kaɗai ke da ƙwari, na ɗora rula na fitar da babban ƙyalle ɗaya. Ragowar na yayyaga na kai kicin don goge-goge.

Kafin la'asar dinyata huɗu sun fito ras, na jera su a kan gado ina ta jin kaina.

Da Umma ta dawo ta yi sallah, sai na ji tana zazzage jaka.

"Auta, ba ki ga zanen goyon nan ba?"

"Wane zanen goyo, Umma?"

"Shuɗin da na ƙunso kuka. Da shi na goya ku duka, da shi zan goya jikata."

Shekara talatin da wani abu tana ɓoyonsa a ƙasan akwati, ta tsallako da shi teku, ni kuma na gama da shi tsakanin azahar da la'asar. Guntunsa ɗaya ma yana hannuna a lokacin, na goge murhu da shi.

Ta kalli hannuna. Ta daɗe tana kallo. "Innalillahi," ta ce a hankali, ta zauna a bakin gado. Na fi son ta zage ni, amma ba ta yi ba. Na durƙusa ina kuka ina ba ta haƙuri, ga ciki ya hana ni durƙusawa da kyau.

Can ta lura da abin da ke kan gadon. "Waɗannan fa mene ne?"

Na ce tsuntsaye ne, dinya, wai suna tashi.

Ta ƙirga su da yatsa. "Huɗu. Kamar ku." Ta shafa su. "Kuma duk waje ɗaya suka nufa, babu mai waiwaye. Ai kuwa kin kwatanta daidai."

Mu huɗu ta haifa, kuma a lokacin babu ko ɗayanmu a Kano. Ban taɓa tsayawa na yi wannan lissafin ba, ni mai lissafin inci.

Ta ɗauki ta ƙarshe ta juya bakinta baya. "Wannan ki ɗinka mini ita haka. Ko ɗaya ce ta kalli gida."

Haka na ɗinka. Maƙwabciyata ta gani ta ce na yi kuskure, ta miƙo mini abin farke ɗinki. Na ce ta bar shi.

Umma ta rasu bayan shekara biyu, lokacin da aka rufe filayen jirgi saboda annoba, ban samu zuwa ba. Bargon yana nan, ɗiyata ke lulluɓa da shi. Takan sa yatsa a kan dinyar nan ta tambaye ni me ya sa ita kaɗai ta juya, ni kuma nakan ce mata gida take kallo.