Gwaggo Mai Aro

Duk wanda ya tashi a danginta ya san Gwaggo da aro. Gwaggo kowa ke ce mata, har 'ya'yan cikinta. Ba rashi ke sa ta aro ba, don mijinta kafinta ne, kuma har ya koma ga Allah ba a taɓa kwana ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Ita dai a ganinta, mutum ba ya zama naka sai ka nuna masa kana bukatarsa. Idan sabuwar maƙwabciya ta tare a layinsu, Gwaggo ba ta kai mata kyauta. Sai ta yafa mayafi ta je aron rariya, alhali tata na rataye a bango. Ranar mayarwa ita ce ranar zama. A nan za ta ji daga ina aka taso, yara nawa, wane ciwo ke damun maigidan. Da haka ta tara matan da suka cika mata tsakar gida shekara da shekaru.

Bayan rasuwar kafinta gwiwoyinta suka soma ba ta wahala, sai autanta ya ɗauko ta zuwa inda yake haya, can sama a wani dogon bene. Shi direban motar asibiti ne, matarsa malamar makaranta. Da safe kowa ya fice, a bar ta da ƙugin firji da taga mai kallon bayan wani benen. Ƙofofi duk iri ɗaya, duk a rufe. Mutuwa ba ta ba ta tsoro. Abin da ke hana ta sukuni shi ne ta mutu a inda babu wanda zai ce ya san ta.

Sai ta koma ga abin da ta iya. Ta dafa bango ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tasu, ta ce aron ludayi take so. Wata yarinya mai fara'a ta miƙo mata, waya maƙale a kunne.

"Riƙe kawai, Mama. Ba sai kin dawo da shi ba."

Haka aka yi da tsintsiya, haka aka yi da bokiti. Mutanen kirki ne, ba wanda ya taɓa hana ta, amma kowa da kyauta yake sallamarta. Da ta matsa ta mayar da bokitin, mai shi ya ce, "Haba Mama, kika sha wannan wahala saboda ɗan bokiti?" Ya karɓa da hannu biyu, ya rufe ƙofa tun ba ta gama mayar da numfashi ba.

Ranar da auta ya ga kayan mutane jibge a bayan ƙofarta, ya tsuguna gabanta. "Gwaggo, don Allah. So kike a ce mun kawo ki muna barin ki da rashi? Me kike so ban saya miki ba?"

Ta dube shi. Idanunsa sun yi ja saboda aiki, rigarsa na warin maganin asibiti. Ta rasa ta inda za ta fara yi masa bayani, kuma ta gaji. Ta ce, "Na daina."

Ta daina ɗin kuwa. Ta koma zaman taga, tana jan carbi, tana sauraron takun mutane a matakala, ba wanda ke tsayawa.

Wata safiya gwiwar ta kumbura, tana so ta yanka tsohon zani ta ɗaure, ta duba ko'ina ba almakashi. Wannan karon bukata ce ta gaske. Ta lallaɓa ta sauka har ƙasa, inda wata tsohuwa mai ɗinki ta kafa kekenta a ƙarƙashin matakala. Ba a san matar nan da dariya ba. Ta dubi Gwaggo ta saman tabarau, ta ɗan jinkirta, sannan ta miƙo.

"Da shi nake ci. Kafin la'asar ina son abina."

Hawan ya ƙarasa gwiwar. Gwaggo ta yanka zanin, ta naɗe ƙafa yadda ta iya, ta zauna a tabarma, tashi ya gagara. La'asar ta yi ta wuce. Can sai ta ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta.

"A buɗe take."

Mai ɗinki ta faɗo ciki tana haki, hannu dafe da ƙirji. "Baiwar Allah, aro na ba ki ko gado? Kin sa na hau wannan tsinannen bene da shekaruna!"

"Ai ga abinki nan, ko cinye shi na yi?"

"Wa ya sani, yadda nake jin labarinki. An ce kin kwashe ludayan gidan nan kaf."

"Su suka ƙi karɓa. Ke kaɗai ce marowaciya."

Mai ɗinki ta so ta mayar da magana, numfashi ya hana ta. Dole ta zauna a gefen tabarmar. Idonta ya sauka a kan gwiwar.

"Wa ya yi miki wannan ɗauri? Kamar an naɗe gungume. Miƙo nan." Ta kwance, ta sake naɗewa tana mita, hannunta da ya yi kanta saboda aiki yana matsa daidai inda ke ciwo. Da ta gama ta ce, "Wa ake ce miki ma?"

"Gwaggo."

"Gwaggon wa?"

Mai ɗinki ba ta jira amsa ba. Ta miƙe ƙafafunta ta jingina da bango, ta lumshe ido.

"Ni dai ba zan iya sauka yanzu ba. Ina kuke ajiye ruwan sha a gidan nan?"