Ranar da Kwamfutar Yayana Ta Ce Zafi Ya Yi Yawa

Shekarun baya kaɗan, wata Talata bayan azahar, ina shara a ɗakin yayana a gidanmu na Kwarbai, sai na ji wani abu yana huci a bayana. Ni kaɗai ce a gidan. Yayana na asibiti, mashin ya kaɗe shi, kwana da kwanaki bai farfaɗo ba, mahaifiyata kuma tana can wurinsa.

Daga kwamfutarsa hucin yake fitowa. Da safe na lulluɓe ta ruf da zanen mahaifiyata, don a gidanmu duk abu mai daraja rufe shi ake yi, daga talabijin har keken ɗinki.

Na ɗaga gefen zanen. Allon baƙi ƙirin, fararen lambobi na gangarowa, ba mai taɓa komai. Can suka tsaya cak. Sai rubutu ya fara fitowa da Hausa, harafi bayan harafi: "Waye a ɗakin? Zafi ya yi yawa. A cire abin da aka rufa mata."

Tsintsiya ta suɓuce mini. Abin da ya zo raina shi ne yayana ya cika, wani abu kuma ya zauna a kujerarsa yana kallona. Na fizge zanen na fita da shi ba takalmi, na maƙale a zaure ina Ayatul Kursiyyu, ina haɗa farkonta da ƙarshenta. Waya na hannuna, amma na kasa kiran mahaifiyata, kada ta ɗauka in ji kuka. Har yau in fankar kwamfuta ta tashi kusa da ni, sai na waiwaya.

Wajen la'asar abokin yayana ya yi sallama, yana ta gumi.

"Ƙanwata, ke kika yi wa injinmu lulluɓi kamar mai zazzaɓi?"

Ya ce shi da yayana suna aiki ne a kan kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Yayana ya buɗe mata hanyar leƙa rajistocin furosesa, wasu 'yan ma'ajiyai a can cikin ƙwaƙwalwar injin, ɗaya daga ciki ke nuna yawan zafi. Shi ne ya shiga kwamfutar ta intanet daga unguwar Kongo yana gwada aikin, ya ga zafin na hawa, ya yi rubutun.

"Ya aka yi ka san rufe ta aka yi?"

"Gidan nan? Ai Mama ko buta ta samu sai ta rufe ta."

"Ba ta ganina ke nan?"

"Ba ta da ido, wallahi. Ba kowa a ɗakin nan."

"Yaya fa?"

"Yanzu muka gama waya da Mama. Ya buɗe ido. Cewa ya yi kada wanda ya kashe masa kwamfuta."

Nan na zame na zauna a ƙasan zaure, na fashe da kuka.