Injin da Ya Rufa Mini Asiri

Yatsu biyu ne suka fara, ƙaramin da wanda ke bi masa, a hannun dama. Na tashi wata safiya na ji su a sage, na ɗauka kwanciya na yi a kansu, na yarfe hannun na tafi masallaci. Aka kwana bakwai ina yarfe hannu. Daga nan abin ya gangaro gefen tafin, har ya zama idan na shafa abu ina jin sa ne daga nesa, kamar na sa safar hannu.

Ni kafinta ne, rumfata tana bakin hanyar da ta fita Daura ta nufi Baure, kuma na fi shekara ashirin a ƙarƙashinta. Duk wanda ya san aikinmu ya san ba da ido ake gane katako ya yi santsi ba. Ido maƙaryaci ne a wannan wajen. Tafin hannu ake dorawa a bi katakon a hankali, shi zai gaya maka inda sanfefa ba ta ci ba. To tafin nan nawa ya daina gaya mini komai.

Ban gaya wa kowa ba, saboda na san sunan abin da nake tsoro. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, kuturu ne. A gidanmu ya zauna har ya rasu, kuma ba wanda ya taɓa wulaƙanta shi, amma kwanonsa daban ne, butarsa daban, tabarmarsa ma a rataye take can gefe. Ina yaro na taɓa leƙa ɗakinsa na tarar yana fama da zariyar wandonsa, ya kama bakinta ɗaya da haƙori yana turawa da dungun hannu, gumi yana zuba masa. Ya ɗago muka haɗa ido, na ruga da gudu. Mahaifiyata ta sha gaya mana cewa shi ma haka ya fara, wuta ta ƙone shi a yatsa bai ji ba. Ga ni da 'ya'ya mata uku, babbar an riga an kawo gaisuwarta, kuma kowa ya san abin da dangin miji suke fara tambaya idan sun fita binciken asalin yarinya. Ko a zuciyata ba na yarda in ambaci sunan cutar, sai dai in ce sanyi ne ya kama mini jijiya.

A lokacin ina da aikin ƙofofi shida na maɗaci, na wani tsohon malamin makaranta da ke gina gida a Dutsi. Mutum ne mai tsantseni, irin wanda zai duba bayan ƙofa kafin ya duba gabanta. Ya zo karɓar biyun farko, ya shafa ɗaya tun daga sama har ƙasa, ya tsaya a wani wuri ya sake shafawa.

"Malam kafinta, nan fa kamar bayan kada," in ji shi. "Ko sauri kake yi?"

Na dora hannuna na dama a wurin, na ji shi sumul. Da ya juya yana amsa waya na saci jiki na taɓa da na hagu, sai na ji kaushi kamar ban taɓa goge wurin ba. Ashe ba ji kaɗai na rasa ba, ƙarfin riƙon ma ya ragu, ina danna sanfefa a wani wuri ina shafa ta kawai a wani. Na ba shi haƙuri na ce ya dawo bayan sati biyu.

Mai hankali asibiti zai nufa daga nan. Ni kuwa na ce inji nake bukata.

Ba ni da halin sayen babba irin na masu manyan shaguna a Katsina, don haka na fara da neman ɗan Kwatano, wanda aka riga aka yi amfani da shi. Wani direba ya ce ya ga ɗaya a Kongolam, can bakin iyakar Nijar, na hau mota na je. Tsohon inji ne mai nauyi, da aka kunna shi sai da teburin da yake kai ya yi tafiya. Mai shi yana ta rantsuwa cewa daga Turai ya zo, na tambaye shi inda zan riƙa samun sanfefar da ta dace da bakinsa, ya ce ai Allah zai kawo. Na ce to Allah ya kawo masa mai saye. Wani maƙwabcina mai walda kuma ya ce in daina wahalar da kaina, in ɗaura sanfefa a injin da suke yanke ƙarfe da shi, da yawa haka suke yi. Na taɓa ganin yadda wannan injin yake fizgar hannun mai lafiya, ya kwashe katako ya bar rami. Da hannuna a yadda yake, na san yatsun zai fara kwashewa.

Ƙarshe na je shagon wani ɗan kabilar Ibo a cikin gari, mai sayar da kayan wuta da na injina. Ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi, kuma mun saba, a wajensa nake sayen ruwan zarto. Na gaya masa abin da nake so da iyakar ƙarfina, ya sauko da kwali uku ya jera a kan kanta.

Ya ture na farko gefe da kansa, mai baki murabba'i. Ya ce wannan karkarwa kawai yake yi a wuri ɗaya, yana barin ƙananan zane da ba a gani sai an shafa man sheƙi, sannan su fito su ba ka kunya. Sauran biyun masu faifai ne zagayayye. Ya kifa ɗaya ya juya faifan da yatsa, ya nuna mini yadda yake juyawa kuma yana kaucewa gefe a lokaci guda, ba ya bin sawu ɗaya sau biyu, shi ya sa ba ya barin zane ko da an bi katako a karkace. Sanfefar mannewa take yi a jikinsa kamar ƙarangiya a wando, a ɓare a sa wata. Mai tsadar yana da abin rage gudu da ƙara shi, mai sauƙin kuwa kunnawa ne da kashewa, da 'yar jakar tara ƙura a bayansa.

"Kai ƙofa da gado kake yi, ba ka bukatar mai rage gudu," in ji shi. "Wannan ƙaramin janaretanka zai ja shi. Sanfefarsa kuma kullum ina da ita, mai kaushi da mai laushi. Abu ɗaya, kada ka danna shi. Ɗora hannu kawai ka bi shi, nauyinsa ya isa."

Da na ji ya ce ba a dannawa, ba a bukatar ƙarfi, na ji kamar an sauke mini kaya. Wannan ne injina. Da a nan na biya na tafi, da shi ke nan.

Amma mutumin yana son nuna gwaninta. Ya tayar da janareta, ya jawo guntun katako, ya goge rabi da sanfefa mai kaushi, ya canza ya goge ɗaya rabin da mai laushi, ya hure ƙurar ya turo mini.

"Oga kafinta, rufe ido ka shafa. Gaya mini ina ne ya fi."

Akwai mutum biyu a shagon suna jiran a sallame su, suna kallonmu. Ba zan miƙa hannun hagu a gaban mutane ba, me zan ce? Na rufe ido na shafa da na dama. Gaba ɗaya katakon abu ɗaya ne a wajena. Na ce a raina ko dai nan ko can, na nuna wani gefe, na buɗe ido ina murmushin ƙarfin hali.

Gefen mai kaushi na nuna. Ɗaya daga cikin masu jiran ya yi dariya ya ce yau kafinta ya faɗi jarrabawa. Mai shagon bai yi dariya ba. Ya sallami mutanen nan tukuna, ya kashe janareta, sannan ya dawo yana kallon hannuna, inda wani yanka da ban san lokacin da na yi shi ba ya bushe a gefen ƙaramin yatsa.

"Tun yaushe?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe me?"

"Maigida, babata ta yi aiki a asibitin masu irin wannan a garinmu, a can na girma. Ban ce shi ne ba, ni ba likita ba ne. Amma idan shi ne, yanzu akwai magani, ƙwayoyi ne, kuma ana warkewa. Ka je a duba tun da wuri, don Allah."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da tsoro yake kawowa. Na ce masa inji na zo saye, ba bokanci ba, kuma idan ya ƙara yi mini wannan maganar zan nuna masa hannun yana aiki. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ya ɗaure mini kwalin, ya ƙara mini faifan sanfefa biyu kyauta, ban ko ce na gode ba. Har na isa rumfa ina ta tunanin wa zai fara gaya wa.

Injin kuwa ya yi aiki fiye da yadda aka faɗa. Na ɗora hannu na bi shi, maɗaci ya fito yana ɗaukar ido. Malamin Dutsi ya shafa ƙofofinsa shida gaba da baya bai sami abin faɗa ba, har ya turo mini wasu. Aiki ya ƙaru, ana cewa hannun kafintan nan ya ƙara faɗawa. Ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashin wannan yabo. Wani tabo mai haske ya fito mini a damtse, na koma sa riga mai dogon hannu a tsakiyar bazara. Na daina cin abinci tare da abokai a bakin rumfa, na ce gyambon ciki ya hana ni yaji. Na daina bin layin shagon mutumin nan, idan sanfefa ta ƙare sai in ba mai walda saƙo. Kullum bayan sallar asuba nakan tsira wa yatsun nan tsinke in ga ko sun dawo, kullum shiru. Wata biyar na yi a haka, ina jin tsoro tun daga farkawa har kwanciya, amma da na kunna injin na ga katako yana yin kyau sai in ce ai da sauran lokaci.

Ranar da abin ya ƙare, wajen azahar ne. Na sunkuya zan gyara wayar janareta, na dafa wani abu don kada in faɗi, ina ta kici-kici da wayar da hannun hagu. Ƙauri na ji, irin na babbakar kan rago. Na waiwaya ina neman mai babbaka a kusa, sai na ga hannuna na dama ne a kan salansar janaretan.

Na naɗe shi da tsumma na tafi gida. Matata tana tankaɗe a tsakar gida, ta kwance tsumman, ta ga fatar gefen tafin ta saluɓe, ta ɗago ta ga ko yamutsa fuska ban yi ba. Na zauna a kan turmi, na faɗi sunan cutar da bakina a karo na farko, na ce ina jin ita ce ta kama ni. Na jira in ga ta ja da baya.

"Malam, ai na sani," in ji ta, tana riƙe da hannun. "Tun kafin azumi nake fifita maka koko kafin in miƙo, saboda na ga kana riƙe kwano da zafinsa ba ka ji. Ni nake wanke rigunanka, na ga jini a hannun riga ba sau ɗaya ba. Na yi ta jira ka faɗa da kanka, ina tsoron in fara ka ce na yi maka baki."

Sai ta fashe da kuka, ni ma na kasa riƙe nawa.

Washegari tare muka je asibiti. Ma'aikacin da ke duba masu ciwon fata ya sa na rufe ido, ya bi hannuna da bakin biro yana tambaya ko na ji, ya matsa jijiyar gwiwar hannuna, ya duba tabon damtse. Ya ce ita ce. Ya faɗa a sauƙaƙe kamar yana cewa zazzaɓi, ya ce zan sha magani na tsawon watanni, cutar za ta mutu, kuma da na fara sha ba zan shafa wa kowa ba. Ya ce a kawo yaran ma a duba su. An duba su daga baya, lafiyarsu ƙalau, auren babbar kuma bai fasu ba.

Amma kafin mu fito ya sake kama hannun, ya miƙar da yatsun nan biyu, ya sake su, suka koma suka lanƙwashe. Ban ma lura sun fara lanƙwashewa haka ba.

"Baba, yaushe ka fara jin sun mutu?"

Na gaya masa gaskiya. Ya ce da na zo wata biyar ko shida da suka wuce, da akwai maganin da zai iya ceto jijiyar. Yanzu kam sai dai a hana abin ya ci gaba, waɗannan biyun da wuya su dawo.

Ba su dawo ba. Na warke, ina aikina da yatsu takwas, matata ce take sa mini maɓallin wuyan riga ranar Juma'a. Injin yana nan lafiya lau, ko sau ɗaya ban taɓa kai shi gyara ba.