Jinin da Ya Taso Daga Hanta Ranar Talata

Shekarar da aka rufe iyaka har manyan motoci suka yi layi a Maigatari, damina biyu bayan ruwan da ya rusa mana katangar gabas, a ita ce waya ta shigo ɗakina. Ɗana mai fataucin awaki ne ya sayo wa 'yarsa. Yarinyar a hannuna take tun yaye, tana ajin ƙarshe na sakandare a nan Gumel, ba ta da buri sai makarantar koyon aikin jinya. Ta riga ta faɗi jarrabawar gwaji, babbar kuwa saura wata huɗu.

Ni ban taɓa zama a aji ba. Amma tun ina budurwa nake ba da labari a tsakar gida, na san fuskar wanda hankalinsa ke wuri, na san ta wanda nasa ya tafi kasuwa.

Da la'asar takan shimfiɗa tabarma, ta buɗe littafi a cinya. Ina ɓarar gyaɗa ina satar kallonta. Har inuwa ta kai bakin rijiya shafi bai juya ba, babban yatsanta ne kawai ke ta sharar wani abu a tsakiyar littafin. Ga murmushi. Wane karatu ne ke sa mutum murmushi shi kaɗai?

Na ce, "Ke, me ke cikin littafin nan?"

"Waya ce, Kaka. Malaminmu ta nan yake turo darasi."

"Malamin naku makaɗi ne? Na ji ganga ɗazu."

"Kai, tsohuwar nan! Kunnenki ne ya fara tsufa."

Na kai wa ubanta zancen, ya ce, "Inna, zamani ne, ƙyale ta." Shi ma ban yarda da shi ba, don yana ba ni amsa idonsa na kan tasa wayar.

Ban ƙwace ba. Cewa na yi ta rufe littafin ta ba ni labarin abin da ta karanta, ni ma in ƙaru. Ta gyara zama ta zuba: wai jini daga hanta yake tasowa, ya ratsa ciki, ya hau kai. Baki da zaƙi, gadona ta yi. Na ce madalla. Bayan kwana uku na ce ta maimaita mini na jinin nan. Sai ga shi ya taso daga huhu, hanta ko ambatonta ba a yi ba.

Na ture kwandon gyaɗar. "Ranar Talata daga hanta ya taso, yau Juma'a daga huhu. Ƙaura ya yi? Labaran da kakata ta ba ni, har yau ko launin akuya ban canza ba. Ke naki kwana uku ya kasa yi."

Sai hawaye. Ta ce wallahi da niyyar karatu take zama, da wayar ta yi ƙara ta duba, sai dai ta ji an kira magariba.

Daga ranar, in ta dawo makaranta wayar tana shiga kwallar zannuwana, in jera kwanuka a kai. Duk mai taɓa jeren nan, ƙararsa za ta tona shi. Darasin malam kuwa a gabana take kwafe shi a tsaye, ta miƙo mini abata. Ta karanta, ta ba ni labari, in bari sai ta manta in tambaya.

Sati na uku na ga tana miƙowa ba gardama, har da fara'a. Raina bai kwanta ba. Na auna a tafin hannu, na ji ƙamshi. Rigar wayar ce, an cusa mata siririn sabulu.

"Wannan a wane kamfani ake ƙera ta, na wanki ko na wanka?"

Ta fashe da dariya, ni ban yi ba. Tun daga nan sai wayar ta haska a idona kafin ta shiga kwalla. A hankali labaranta suka daina ƙaura. Har ni na riƙe cewa zuciya ɗaki huɗu gare ta.

Da sakamako ya fito ta shigo da gudu, wai ta gani a waya ta ci. Na ce ban ji ba sai a takarda. Aka bugo, na kai wa maƙwabcinmu, tsohon malamin firamare, ya karanta mini sau biyu, sannan na yi guɗa. Yanzu tana shekara ta ƙarshe a makarantar jinya.

Maƙwabcin nan ya rasu bara da azumi, Allah ya ji ƙansa. Cikin waɗanda suka san zancen wayar nan, saura ni, da ubanta, da ita.