Yaron da Na Naɗa Fir'auna

Ko ku yarda ko ku ce ƙarya nake shararawa, ni nan na taɓa naɗa Fir'auna a ƙasar Birnin Gwari, kuma har yau bai sauka ba. Lokacin ina sabon malamin aji biyar a wata firamare ta wajen Gayam, ga surutu, ga son a yi dariya, ko a wurin ta'aziyya sai an harare ni. Hedimasta ya ce kowane aji ya shirya wasa ranar rufe makaranta, ni kuwa na ce Masar ta zamanin da za mu kawo. Muka tara kwalayen taliya muka gina dala irin ta kaburburan sarakunansu, shuɗin zanen matata ya zama kogin Nilu, 'yan mata na niƙa a dutse, maza na jan tubali da igiya. Sarki ne kawai ya gagara. Duk yaron da na nuna sai ya ce a'uzubillahi, babansa zai yanka shi.

Sai na hango wani shiru-shiru a bencin baya, wanda ko biro aka ƙwace masa ba ya kai ƙara. Na san ba zai iya ce min a'a ba, shi ya sa na zaɓe shi, gaskiyar ke nan. Na ce aikin ba wuya, zama ne a kujerar hedimasta da ɗaure fuska. Wallahi yaron nan ya ɗaure fuska har wata tsohuwa ta fara neman tsari. Aka sha tafi. Da aka dawo hutu, don kwaɗayin dariya, wajen kiran suna na ce Fir'auna. Aji ya fashe, shi kuma ya amsa a hankali. Washegari na maimaita.

Kafin wata ya mutu sunan ya kai kasuwa, ya kai masallaci. In ya shiga sahu yara su matsa, wai kada ruwa ya cinye su tare. Zangon bai ƙare ba ya daina zuwa. Na tambaya sau ɗaya, aka ce yana gona, na bar maganar.

Bara ina neman acaɓa a Tsohon Birnin Gwari, sai na ji ana ce wa wani ɗan acaɓa, "Fir'auna, ga fasinja!" Ya juyo, ga gemu, ya gane ni, ya gaishe ni har ƙasa. A hanya yake gaya min, ba da fushi ba, gidan da ya je neman aure sun ce ba a laƙaba wa mutum irin wannan suna banza, suka hana shi. Abin da ya fi ci min rai, har muka isa ina laluben sunansa na gaskiya a kaina, ban samo ba.

Malamai 'yan'uwana, abin da ka faɗa a gaban allo don a yi dariya, yara gida suke kai shi, kuma ba ya dawowa. Mai shirun nan da ba ya musa maka, shi ya fi cancantar ka kiyaye bakinka a kansa.

Ranar na roƙi ɗan acaɓan nan ya kai ni wurin mahaifinsa. Na durƙusa na ce Baba a yafe min, wasa ne na yi. Tsohon ya dube ni ya ce:

"Ni rago na yanka na raɗa masa suna, Malam. Kai me ka yanka?"