Zane Biyun da Shozo Ya Cire

Kurihara Shozo ɗan mai rubuta allunan shaguna ne a garin Sakai da ke kusa da Osaka, kuma a makarantar sakandarensu babu wanda ya kama ƙafarsa a zane. A nan Nonomura ya liƙe masa, ɗan mai sayar da awara, wanda ke bayansa da aji biyu. Kullum yana biye da shi da takarda: "Yaya Shozo, duba mini wannan." Shozo ne ya koya masa zana dunƙulen hannu yadda mai kallo zai ji kamar shi za a nausa.

Sau bakwai Shozo ya aika labarinsa na zane gasar wata mujallar mako-mako a Tokyo, sau bakwai ana dawo masa da shi. Nonomura ya aika sau ɗaya tak, aka kira shi. Shozo ya raka shi tashar jirgin ƙasa, ya riƙe masa jaka, ya yi ta murmushi har kumatunsa suka gaji. Da ya koma gida ko abincin dare bai taɓa ba.

Bayan shekara goma sha biyu, labarin Nonomura ya game ƙasa. Labarin wani ɗan masunta ne mai suna Isomaru da ya zama gwanin faɗa. Shozo kuwa yana wani ƙaramin kamfanin wasannin na'ura a Osaka, a saman shagon taya, yana zana mutanen cikin wasan da ɗige-ɗige. Ya auri Fusae, mai aiki a shagon abinci, suka haifi 'ya ɗaya, Kayo. Bai taɓa sayen mujallar da ke buga labarin ba, amma duk Litinin sai ya shiga kanti ya karanta ta a tsaye, yana neman inda ƙafa ta karkace ko ido ya fi ɗan'uwansa girma.

"Ya lalace," yakan ce in ya dawo. "Masu taya shi ne ke yin aikin yanzu."

"To wa ya aike ka karantawa?" in ji Fusae.

Abin da bai taɓa faɗa mata ba shi ne maganar Mokuzo. A cikin labarin, Mokuzo ne babban ɗalibin gidan koyon faɗa. Shi ya koya wa Isomaru naushi, daga baya hassada ta ci shi, aka lallasa shi a littafi na uku, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yana da baƙin tabo a haɓa, daidai inda Shozo ke da nasa.

A farkon shekarar 1996 mai kamfanin ya tara su, bakinsa har kunne. Sun samu aikin mayar da labarin Isomaru wasan faɗa a 'yar na'urar hannu, irin wadda yara ke ɗura wa batir huɗu su tafi da ita a aljihu.

"Na Malam Nonomura ne fa! Kurihara, an ce garinku ɗaya?"

"Na san gidansu," in ji Shozo. "Awararsu ba wani daɗi."

Malam. Shozo ya yi ta maimaita kalmar a ransa har aka tashi.

Wata biyar ya yi yana matse mayaƙa takwas cikin allon da bai kai tafin hannu ba. Kowane zane sai an aika Tokyo, ya dawo da gyara da jan biro, kuma Shozo ya san rubutun Nonomura ne. "Kafaɗar Isomaru ta yi faɗi." "A ƙara masa fara'a." Yaron da ya koya wa riƙe alƙalami ne ke gyara masa aiki. Na Mokuzo kaɗai ya dawo fes, ba ko ɗigon ja. Wannan ya fi komai ƙona masa rai, don ya ɗauka raini ne ya sa ba a ma duba ba.

A irin wannan wasa, kowane naushi zane shida ne da ke wucewa a jere. In ka rage zane, naushin ya fi sauri. Ana saura kwana uku a miƙa aikin, lokacin da abokan aikinsa suka fita cin abincin rana, Shozo ya cire biyu daga naushin Mokuzo. Ya gyara huɗun da suka rage yadda ido ba zai gane ba. Bai gaya wa kowa ba.

Da wasan ya fito, yara ba su yi mako biyu ba suka gano. A filin wasa na unguwarsu ya gan su bibbiyu, sun haɗa na'urorinsu da waya, suna rigima.

"Ba a yarda da Mokuzo ba! Cuta ce!"

"Kai ma ɗauke shi mana, wa ya hana ka?"

Ya tsaya a bayansu da ledar cefane, ya ga an zubar da Isomaru sau uku a jere. Ranar har waƙa ya yi a banɗaki, Fusae ta tambaya ko lafiya.

Daɗin bai daɗe ba. Wasiƙun yara suka cika ofishin mujallar, kowa na neman a dawo da Mokuzo. Nonomura ya dawo da shi, da tabonsa da komai, littafin ya yi kasuwar da bai taɓa yi ba. Har riguna aka buga da fuskar.

Da kaka Nonomura ya zo Sakai ganin mahaifiyarsa, ya aiko yana neman Shozo. Suka haɗu da rana a shagon taliyar da suke zuwa suna 'yan makaranta. Ya yi ƙiba, gashinsa ya soma zubewa, Shozo ya lura da hakan da jin daɗi.

Nonomura ya fito da na'ura biyu da waya daga jaka. "Yaya, zo mu gwada. Ni ne Isomaru."

Shozo ya ci shi sau biyar kafin taliyarsu ta iso.

"Biyu ka cire ko uku?" in ji Nonomura.

"Biyu."

"Ai na faɗa wa masu taya ni cewa kai ne! Ni tun da na ga zanen Mokuzo na san hannunka ne, shi ya sa ban taɓa shi ba. Me zan gyara?" Ya hura romonsa. "Yaya, ka zo Tokyo. Ina da masu taya ni shida, ba wanda ya iya zana hannu. Ka shugabance su. Zan ninka maka albashinka."

"Sunan wa za a rubuta a bangon littafin?"

"Nawa," in ji Nonomura.

"To ci taliyarka kafin ta huce."

Da Fusae ta ji, sai da ta ajiye wuƙar da take yanka kabeji. "Ninki biyu? Kai dai wallahi ba ka da magani."

Shozo ya zauna a kamfanin har aka rufe shi, daga nan ya koma koyar da zane a zauren unguwa, yawancin ɗalibansa tsofaffin mata masu son zana furanni. Mutane na yabonsa da haƙuri da iya koyarwa.

Lokacin auren Kayo, Nonomura bai samu zuwa ba, amma ya aiko da zanen amarya da ango, da sa hannunsa a ƙasa. Abokan ango suka yi dafifi a kansa suna ɗaukar hoto, har suka kusa mantawa da amaryar. Bayan biki Kayo ta bar zanen a gidan iyayenta don ɗakinta ƙarami ne. Fusae ta so a rataye shi a falo. Shozo ya ce hasken rana zai ɓata shi, ya kai shi lungun da ke kusa da banɗaki ya kafa ƙusa. Ya daɗe a tsaye yana duban hannun angon, yana neman kuskure, bai samu ba.